Wane wandon shiga ruwa ne zai jure zafinmu da ƙayarmu?

Mai tambaya, daga Maraɗi:
Assalamu alaikum. Ina jefa birgi a tafkin Madarunfa, kuma bara na yi fama da tsargiya har aka ba ni magani a asibiti, aka gargaɗe ni da in rage tsayuwa cikin ruwa da fata a waje. Na sayi wandon roba mai haɗe da takalmi, wanda yake kaiwa ƙirji, amma kafin hantsi zufa takan jiƙa ni kamar ban sa komai ba, kuma bai cika wata biyu ba ya tsage a gwiwa. An ce mini akwai wani iri mai fitar da zufa. Wanne zan nema wanda zai daɗe, kuɗinsa kuma bai fi ƙarfin talaka ba?

Wani mai sayar da kayan su:
Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da aka faɗa maka gaskiya ne. A tsakiyar yadinsa akwai wani shimfiɗi mai ƙofofi ƙanana ƙwarai, waɗanda tururin jiki yake bi ya fita amma ɗigon ruwa ba ya iya shiga. Yadin da ake kira Gore-Tex ne ya fi suna, sai dai tsadarsa ta yi yawa, kuma akwai masu sauƙi da suke aiki iri ɗaya. Ka nemi wanda aka ninka yadinsa sau 4 ko 5 daga gwiwa zuwa ƙasa, ko da na ƙirjin ninki 3 ne. Kafin ka ba da kuɗi, ka juya cikinsa waje ka bi ɗinkin da yatsa, domin ledar da aka liƙe ɗinki da ita ce take fara ɓanɓarewa, musamman a na gwanjo da ya daɗe a ajiye. Ka tsuguna da shi a shagon. Idan ya ɗame ka, ɗinkin ba zai yi nisa ba. Mai kauri kamar soso kuwa, na ƙasashen sanyi ne, ka bar shi.

Wani dattijo masunci:
Ɗana, ni abin da nake tsoro ƙayar bagaruwa ce da take kwance cikin laka, don wannan yadin ya fi roba laushi. Ka zaɓi wanda takalminsa daban yake, ka sa takalmi mai tauri a kan safar da take haɗe da wandon, in ya mutu ka sake shi kaɗai. Kada ka shiga ruwa ba ka ɗaure ƙugu da ɗamara ba, domin in ka zame wandon ya cika, fitowa gaɓa sai an taimake ka. Kuma kada ka zaci za ka tsira daga zufa a watan Afrilu. Sauƙi kawai za ka samu. Da hunturu ne za ka ji daɗinsa, ka sa wandon sanyi a ciki.

Wata ma'aikaciyar lafiya:
Yayana, ƙwayar tsargiya daga katantanwar ruwa take fitowa ta ratsa fata, saboda haka huda ɗaya a wandon ta isa, hannuwanka ma suna cikin ruwan. Ka riƙa haska tocila a cikinsa cikin ɗaki mai duhu ka liƙe duk inda haske ya fito, ka shanya shi a inuwa don rana tana kashe gam. Idan ka sake ganin jini a fitsari, ka koma asibiti ranar nan.