Neman shawara: gwajin laktet biyu, sakamako biyu, wanne zan yarda da shi?

Wata uwa:
Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ɗana yana da shekara 2 da wata 3. Ya fara tafiya lafiya lau, sai bayan wani zazzaɓi da ya yi jikinsa ya saki, tsayuwa ma ta gagare shi, ga jijjiga sau biyu. Likita ta ce tana zargin ciwon maitokondiriya, wato ƙananan sassan ƙwayoyin jiki masu samar da ƙarfi, ta rubuta gwajin jini mai suna laktet. Na farko ya nuna 4.6, ta ce ya yi yawa, a sake. Na biyu ya nuna 1.8. Baban yaron ya ce tunda ya sauka a bar zaryar asibiti, ni kuma hankalina bai kwanta ba domin har yau ba ya tafiya. Sannan wata ta ce mini daga uwa ake gadon ciwon nan, tun ranar ba na iya barci. Ku ba ni shawara.

Ma'aikaciyar lab:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, yaya aka ɗebi jinin farko? Ya yi kuka? An ɗaure masa hannu? Minti nawa kafin jinin ya isa lab?

Wata uwa:
Aunty, mu uku muka danne shi, an daɗe ana neman jijiya da igiya a hannunsa. Babansa ya kai kwalbar wani lab a adaidaita, ya kusa awa ɗaya a hanya.

Ma'aikaciyar lab:
To wannan kaɗai ya isa ya ɗaga shi. Tsoka idan tana fafutika tana zubo laktet cikin jini, ɗaurin hannu yana ƙara shi. Jajayen ƙwayoyin jini kuma ba su da maitokondiriya ko kaɗan, don haka ko a cikin kwalba suna ci gaba da mayar da sukari laktet. Shi ya sa muke amfani da kwalba mai murfi ruwan toka, a sa ta cikin ƙanƙara, a yi aikin kafin minti 30. Ga mai lafiya yawanci bai wuce 2 ba. Ni dai 4.6 ɗin nan ban yarda da shi ba.

Wani ɗan zaure:
Alhamdulillah, ke nan yaro lafiyarsa ƙalau. A ci gaba da addu'a.

Likitan yara:
Malam, addu'a kam dole, amma ba haka maganar take ba. Hajiya, maitokondiriya su ne suke ƙona abinci da iskar da muke shaƙa su ba jiki ƙarfi. Idan sun gaza, wani sinadari mai suna fayirubet yakan taru ya koma laktet. Sai dai yara da yawa masu ciwon jininsu yakan nuna daidai, musamman ranar da ba su da zazzaɓi. Haka kuma maleriya mai tsanani, jijjiga, ƙarancin ruwa a jiki, duk suna ɗaga shi ba tare da wannan ciwo ba. Na farkon bai tabbatar da komai ba, na biyun bai wanke shi ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne labarin da kika bayar: yaro ya iya tafiya, ya rasa ta bayan zazzaɓi. Irin wannan ne yake sa mu tuna da ciwon Leigh, ɗaya daga cikin cututtukan maitokondiriya, wanda aka fara bayyanawa a 1951, ko da yake akwai wasu cututtukan da suke zuwa da wannan kama. Ban ga yaron ba, likitarsa ce ta sani. Ki tambaye ta game da hoton ƙwaƙwalwa na MRI, da auna laktet a ruwan ƙashin baya, da alanin, wani sinadari a jini wanda kuka ba ya saurin ɗaga shi. Idan aka samu inda ake auna fayirubet, laktet da ya ninka shi fiye da sau 25 alama ce mai ƙarfi. Tabbacin ƙarshe yana wurin gwajin ƙwayoyin gado, yana da tsada, sau da yawa sai an tura jinin waje.

Abu ɗaya mai muhimmanci: kada kowa ya ba shi maganin farfaɗiya mai suna valproate sai likitar ta sani, yana iya lalata hantar wasu masu wannan ciwo. Kada kuma ya daɗe da yunwa, idan yana amai ko zazzaɓi a kai shi asibiti da wuri.

Wata uwa:
Na gode likita. Maganar gadon fa? Ni da babansa 'ya'yan wa da ƙani ne.

Likitan yara:
Gaskiya ne akwai nau'in da ake gada ta wajen uwa kaɗai. Amma a ƙananan yara mafi yawa daga iyaye biyu yake zuwa, kowanne yana ɗauke da shi bai sani ba, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwarsu. Ba laifinki ba ne, ba laifinsa ba ne. Ki gaya wa likitar dangantakarku, zai taimaka mata wajen zaɓen gwaji.

Wata kaka:
'Yata, ki lallaɓa maigidan ku koma tare, ya ji daga bakin likita da kunnensa. Allah ya ba yaro lafiya.

Wata uwa:
Amin Mama. Na karanta masa duka, ya ce ranar Litinin za mu je.