Musayar waƙa: ranar da wuta ta kama jirgin Franklin

Baban Sadiq:
Salamu alaikum jama'a, yau amsa-amonmu "wa" ne, kan jirgin yaƙin Amurkan nan USS Franklin mai ɗaukar jiragen sama, wanda Japan ta jefa wa bama-bamai ran 19 ga Maris 1945. Mai baiti ya sako, ɗango huɗu-huɗu.

Da sassafe jirgi na tsakar ruwa,
Mil hamsin ga Japan, babu zaton kowa,
Sai bam biyu suka sauko kamar tsawa,
Jirage cike da mai suka hau fashewa.

Maman Ilham:
Wa'alaikumus salam Malam, ni wallahi na ƙasan jirgin nan su ne abin tausayi

A ɗakin cin abinci mazaje da yawa,
Kusan ɗari uku, hayaƙi na turnuƙewa,
Duhu ya rufe ido, numfashi na yankewa,
Laftanar Gary ya ce a daina kururuwa,
Ya lalubo hanya da hannu, ya yi ta komawa,
Sau uku, har na ƙarshensu ya samu fitowa.

Ɗan Autan Mawaƙa:
Kai Anti, ɗango shida kika zuba mana alhali huɗu aka ce, amma tunda Gary ne an yafe. Ni kuma faston jirgin, O'Callahan, shi na gani

Yana durƙushe kan mai shirin mutuwa,
Ya miƙe ya ja samari bakin ƙonewa,
Harsashi da zafinsa, hannu na salewa,
Haka suka riƙa cicciɓa suna watsawa a ruwa.

Maman Ilham:
Ɗangonka na ƙarshe ya yi tsawo Auta, gyara naka tukuna kafin ka ƙirga nawa

Baban Sadiq:
Ku bar faɗan nan, kun manta da Santa Fe, jirgin da ya zo ya manne da gefen Franklin ana tsaka da fashe-fashe, ƙarfe na gugar ƙarfe, aka dinga tsallakar da masu rauni, wasu kuwa da wuta ta kora cikin teku sai ƙananan jiragen ruwa ne suka bi suka tsince su

Franklin ya karkace gefe guda, kamar zai nutsewa,
Jirgin Pittsburgh ya ɗaura igiya yana jawowa,
Injin ya farfaɗo, ya ci gaba da tafiyawa,
Har New York da kansa, a Afrilu ya samu isowa.

Ɗan Autan Mawaƙa:
Malam "tafiyawa" ɗin nan dai dole aka yi mata

Ya isa gida, amma da saura ba dawowa,
Sama da ɗari takwas, sunansu ake kirawa,
Shiru, babu mai amsawa.

Maman Ilham:
Uku ka yi Auta. Bar shi haka, kar ka cike.