Miliyan 12 ce a hannuna: wace mota kuka saya, kuma yaya kuka ji da ita?

Ma'aikaciyar Jinya, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kwashi adashi, na haɗa da kuɗin wani ɗan fili da na sayar, abin da ya taru a hannuna naira miliyan 12 ne, kuma babu inda ƙari zai fito. Ina son motar da za ta kai ni aiki daga Rijiyar Zaki zuwa cikin gari, ta kai yara makaranta, lokaci-lokaci kuma mu je gida Malumfashi. Ina yin aikin dare, don haka abin da na fi tsoro shi ne mota ta tsaya mini a hanya bayan isha'i. Maigida ya ce Corolla, yayana ya ce Camry ta fi mutunci, wata abokiyar aikina kuma ta ce in bayar da kuɗin a matsayin kafin alƙalami in ɗauki sabuwa fil daga kamfani in riƙa biya a hankali. Don Allah wanda ya taɓa saye da kuɗinsa ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Dattijo Mai Fansho, Kaduna

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya albarka a abin da kika tara. Motata ta farko 504 ce, da rancen mota na gwamnati na saye ta, sabuwa dal daga kamfanin Peugeot na nan Kakuri, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975. A wancan zamanin ƙaramin ma'aikaci yana iya cire leda da hannunsa. Yau in kika ji ɗan albashi ya ce ya yi sabuwar mota, to 'yar Beljiyam yake nufi, wadda wani ya gama hawa a Amurka ko Kanada ko Turai.

Abin da ya sa 504 ta daɗe a hannuna ba ƙarfin ƙarfenta kaɗai ba ne. Ko a Birnin Gwari ta tsaya, akwai yaron da ya san cikinta, akwai kuma kayanta a shagon da ke kusa. Da na zo canza mota bayan ritaya, wannan ma'aunin na bi, na sayi Corolla ƙirar 2006, har yau ita nake hawa zuwa masallaci da asibiti. Shawarata ɗaya: kada ki kai miliyan 12 ɗin nan gaba ɗaya wurin dillali. Ki ɗauka miliyan 10 gare ki. Sauran na lamba ne da inshora da tayoyi da batir da juyen farko. Inshorar dole ma tun Janairun 2023 ta tashi daga dubu 5 zuwa dubu 15.

Bakanike, kusa da Ƙofar Ruwa

Hajiya barka da ƙoƙari. Baba ya faɗi gaskiya, bari in ɗora daga abin da nake gani a gareji.

Motocin da ke zuwa mini su fita a ranar, su ne Corolla da Matrix da Vibe. Mutane da yawa ba su san ukun nan 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Vibe sunan Pontiac ne a jikinta, amma a wata masana'anta ta haɗin gwiwar Toyota da General Motors a Kalifoniya aka ƙera ta, kuma injinta mai 1.8 shi ne na Corolla. An daina yin ta a 2009. Kayan inji da na ƙafa in na aiki yaro Ƙofar Ruwa, kafin in gama kwance tsohon ya dawo da sabo ko na gwanjo. Inda Vibe ta ɗan bambanta shi ne fitilu da bamba da sauran kayan bodi, nata daban ne, sai an ɗan nema. Bayanta yana da faɗi, kujerun baya suna kwantawa, buhun masara daga Malumfashi ba zai ba ki wahala ba. Ki dai tabbatar mai 1.8 ce, ba mai 2.4 ba, kuma ba mai jan ƙafa huɗu ba, don waɗannan sun fi shan mai. Injin 1.8 ɗin da sarƙa yake aiki, ba bel ba, to babu fargabar bel ya tsinke ya lalata inji.

Camry mota ce mai kyau, ta fi daɗin zama a doguwar hanya. Sai dai da kuɗinki, Camry ɗin da za ki samu za ta girmi Corolla ɗin da za ki samu, ko ta fi ta gajiya. Kuma in mai fulogi shida ce, gidan mai zai san ki sosai.

Ranar dubawa, ki ce kada a tayar da motar kafin ku iso. Injin da ya kwana shi ne ke faɗin gaskiya: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ko ƙara a tashin farko duk a lokacin ake kama su. Ki je da bakanikenki, wanda ke za ki biya, ba wanda dillali ya nuna miki ba. A sa mata kwamfuta. A duba ko fitilar gargaɗin inji da ta jakar iska suna kamawa in an murɗa makulli sannan su mutu bayan ta tashi, domin akwai masu cire ƙwan fitilar gaba ɗaya don kada a ga matsala. A hau da ita rami a leƙa ƙasa: tsatsa, walda a shasi, ɗigar mai, da kuma indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, don ana yanke shi a sayar. Motocin da suka fito daga wuraren ƙanƙara, gishirin da ake zuba wa titi yana cin ƙasansu, sama kuwa fenti na ƙyalli. Sannan a tuƙa ta har giya ta shiga duka, da esi a kunne. Duk dillalin da ya hana ɗaya daga cikin waɗannan, ki yi masa sallama cikin mutunci ki tafi.

Ɗan Kasuwar Kwari

Ni ta takarda zan yi magana, don ita ta ƙona ni. Na sayi mota lafiyayya, bakanike ya duba bai ga komai ba, dillalin ya miƙo mini takardun kwastan har da hatimi. Muna hanyar Abuja da iyali aka tsayar da mu, aka buga lambar shasi, sai ga shi kuɗin fiton da aka biya ba na wannan ƙirar ba ne. Motar ta kwana a hannun hukuma, ni na biya cikon, dillalin kuma ya daina ɗaukar wayata. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa, amma har gobe ana lallaɓo da su ta daji a yi musu takarda. In kika ga farashi ya faɗi ƙasa da na kowa, fara tambayar ta ina ta shigo. Ki ɗauki hoton takardun da lambar shasi ki kai ofishin kwastan a tantance kafin ki tura ko sisi. Kuma a rubuta yarjejeniya da shaidu, da sunan mai motar na ainihi, ba na yaron dillali ba.

Injiniya, Abuja

Zan ɗan saɓa wa jama'a. Ni sabuwa na saya, ƙaramar Suzuki, ta hanyar tsarin biya a hankali na wurin aikinmu, kuma ban yi nadama ba. Kowa yana lissafin kuɗin saye, ba a lissafin kwanciyar rai. Motar da ta shekara goma sha biyar tana yawo, ko ta fi kowace lafiya, robobinta sun bushe, famfon manta ya tsufa, kuma ba ki san wanda ya riƙe ta ba. Tawa tana da garanti, ban san ƙofar rewaya ba, man da take sha kuma bai kai na abokan aikina masu manyan motoci ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024, wannan bambancin ba ƙarami ba ne a ƙarshen wata.

Amma gaskiya biyu zan faɗa miki, Hajiya. Na ɗauke ta kafin naira ta faɗi, kuma wurin aikina ne ya tsaya mini, babu kuɗin ruwa. In ta banki za ki bi, ki zauna da biro ki tara duk abin da za ki biya har ƙarshe, ki ga ko albashi zai ɗauka, ki kuma nemi bankin da ba ya harka da ruwa irin su Jaiz ko TAJ in hakan ya dame ki. Na biyu, garanti yana tafiya ne da sharaɗin yin sabis a wurin da kamfani ya amince. Ki tambaya ko akwai irin wurin a Kano, ba sai kin zo Abuja ba. Haka za ki tambayi masu Peugeot 301 da ake harhaɗawa a Kaduna, da Innoson ta Nnewi, da motocin Chana da suka fara yawa.

Bakanike, kusa da Ƙofar Ruwa

Yallaɓai Injiniya, ban ƙi taka ba. Sabuwa sabuwa ce. Tambayar da nake yi wa duk mai son ɗaukar ƙirar da ba ta yawaita ba ita ce: in ɗan adaidaita ya fasa maka fitilar baya a Kabuga, a ina za ka samo wata, kuma kwana nawa za ka jira? Garanti ba ya biyan wannan.

Uwar Yara Biyar, Zariya

'Yar'uwa, ki ƙirga yaranki tukuna. Mu Sienna muka saya saboda yawanmu, kuma wallahi ranar biki ko tafiya gida babu kamarta. Amma zuwa aiki ni kaɗai a cikinta kullum, sai na ga ina ƙona mai don in ɗauki kujeru marasa kowa. Yanzu ranakun aiki motar maigida ƙarama nake ɗauka. In yaranki ba su wuce uku ba, kada ki saya don tafiyar da ake yi jefi-jefi, ki saya don ta kullum.

Wani abu kuma da maza ba sa kawowa: ki zauna a kujerar direba da kanki, ki ga ko kina hango gaban motar sosai, ki gwada yin baya da ita. Ke za ki riƙa shiga layin unguwa da dare, ba bakanike ba. Sannan ki duba tsayinta daga ƙasa, don damina a layukanmu ba ta raga wa mota mai ƙasa-ƙasa.

Mai Shigo da Motoci, Legas

Sana'ata ce, don haka zan faɗi abin da wasunmu ba sa so a faɗa. Kaso mai yawa na motocin Amurka da ke sauka nan daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, wato sun yi haɗari ko ruwa ya ci su. Mai ɗan bugu a ƙofa ko bamba ba laifi, a gyara a faɗa wa mai saye. Wadda nake gudu ita ce ta ambaliya. Bayan guguwar Harvey da ta cinye Houston a 2017, irinsu sun cika kasuwa, kuma duk shekara ana samun sababbi. Tana iya yin wata shida lafiya, sannan wayoyi su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya.

Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, tana jikin gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ki sa ta a intanet, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ki ga yadda take kafin fanel bita ya taɓa ta. In kika biya kuɗi kaɗan a Carfax, shafin intanet mai adana bayanan motocin Amurka, za ki ga tarihinta da tafiyar da ta yi, ki gwada da abin da agogonta ke nunawa, don ana mayar da shi baya. Ki tuna kuma agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, mil 100,000 kilomita 160,000 ne. Ki ɗaga kafet ki shinshina, ki ja bel ɗin kujera har ƙarshe ki ga ko akwai alamar laka. Tayoyin da ta zo da su ma ki duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu, mako da shekarar da aka yi su ke nan. Wasu na sanyi ne, zafin hanyar Funtuwa a watan Afrilu ba nasu ba ne.

Malamin Sakandare, Gusau

Kada a raina ta hannu, wato wadda aka riga aka hau a nan gida. Tawa wurin wani dattijo a unguwarmu na saya, na san ranar da ya kawo ta, na san bakaniken da ke yi mata juye, na san ba ta taɓa shiga haya ba. Kuɗinta bai kai na 'yar Beljiyam irinta ba, rarar na yi mata gyaran ƙafa da sababbin tayoyi. Sharaɗin shi ne ki san mai ita da kanki. Ta hannun da aka wanke aka jera a bakin titi, wannan wata magana ce daban.

Ma'aikaciyar Jinya, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na karɓi maganarka, na ware miliyan 2 na ajiye a wani asusu daban. Yarana uku ne, don haka Sienna ta fita. Injiniya, na zauna na yi lissafin da ka ce, biyan wata-wata zai cinye fiye da rabin albashina, ba zan iya ba a yanzu. Ni da maigida mun tsaya a kan Corolla ko Vibe mai 1.8, duk wadda ta fi lafiya da takarda mai kyau. Akwai guda biyu da za mu gani ranar Asabar da safe, na riga na ce kada a tayar da su, kuma na karɓi lambobin shasinsu zan duba yau da dare. Malam Bakanike, ɗaya daga ciki an ce an cire mata tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, wai saboda zafin garinmu, fanka kuma tana juyawa tun daga tashi. Wannan dalili ne na fasawa, ko abu ne da za a mayar a rage mini a farashi?