Disk ɗin kas da rigimar "orijinal"

Mai 207: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake. Kun san Mercedes 207D ɗina, wadda marigayi baba ya saya hannun wasu nasara da suka ƙetaro Sahara ta Arlit da Agadas, har yau gadonta da ɗan murhunta na ciki. Makon jiya birki ya fara kuka, ƙarfe na cin ƙarfe, na kai ta wani gareji a hanyar Tanut. Na ce a canza mini disk biyu na gaba da plaketi, wato takalman birkin da ke matse su, orijinal, na biya ban rage ko dala ba. Jiya ina dawowa daga Mirriya da iyali, ina taka birki sitiyari ya hau rawa a hannuna, mota na fizga dama. Da safe na cire taya da kaina. Na dama sabo ne, na hagu kuwa tsohon na kas ne, wato wanda aka ciro jikin matacciyar mota, aka goge da yashi, bakinsa ya yi tudu kamar na faranti, farce ma na kama shi. Don Allah wannan ba cin amana ba ne?

Direban Tanut: Allah ya tsare gaba, Alhaji. Amma ka ce orijinal. Motar da kamfani ya daina ƙera irinta tun 1995, ina za ka samu orijinal ɗinta in ba a kas ba? Wanda aka ciro jikin 'yar'uwarta shi ne na Jamus na gaskiya. Sabon da ke cikin kwali fa?

Ɗan Kasuwar Dole: Sabo shi ne orijinal mana! Abin da wani ya ci ya rage ne za ka kira orijinal? Sunansa gwanjo.

Direban Tanut: Kai da ke saida na kwali dole ka faɗi haka. Kwali ai ko a Kano ana buga shi.

Ɗan Kasuwar Dole: Yaya, ka iya bakinka. Ka taɓa sayen kaya wurina ya ba ka kunya?

Usta na Zango: Ku saurara. Shekarata talatin ina kwance ƙafar mota. Disk ba a tambayarsa ƙasarsu, kaurinsa ake aunawa. Kamfani na buga lamba a gefensa, iyakar siririn da zai kai ke nan. In ya wuce ta, ko daga hannun Bajamushe ka karɓo, ka yar. Kuma ba a canza ɗaya a bar ɗaya, hagu da dama tare suke tafiya, plaketi ma haka. A irin wannan motar disk ɗin bayan cibiyar taya yake ɗaure, sai ka zare ta da rulma, wato boris, kafin ka kai gare shi, ka wanke tsatsa, ka sa sabon giris. Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa malalacin yaro zai yi ɓangare guda ya ce ya gama. In an ɗaure, a yi ta taka feda har ta yi tauri kafin mota ta motsa.

Malamin Lise: Usta, "ƙafar mota" kuma? Mu furen muka sani. Birki ma maganar 'yan Najeriya ce.

Direban Tanut: Malam, furen ɗin Hausar Damagaram ce? Ba Faransanci ba ne?

Malamin Lise: To ita orijinal ɗin da kuke ta faɗa a kai, ta kakan wa ce?

Baƙon Kano: Ni dai in kuna son na ƙwarai ku zo Ƙofar Ruwa, babu abin da babu.

Ɗan Kasuwar Dole: Har da jabun, duk can ake loda mana.

Baƙon Kano: Amma kullum kuna hanyar Matamaye kuna zuwa saro shi!

Hajiya ta Birni: Ikon Allah. Bawan Allah ya ce da matarsa da 'ya'yansa a mota birki ya yi masa gardama, ba wanda ya tambayi lafiyar yaran. Ɗana, kowa lafiya?

Mai 207: Lafiya lau Hajiya, na gode. Sai ƙaramar ce ta bugu da goshi jikin kujera.

Direban Tanut: Ni ban ce a sa wanda ya cinye ba. Cewa na yi na kas mai kauri ya fi sabon da zai lanƙwashe da zafi ɗaya. Wani abokina ya sa na kwali a Hiace, bai kai Agadas ba ya fara girgiza.

Usta na Zango: Wataƙila bai goge tsatsar mazaunin ba ne. Ɗan datti kamar ƙwayar gero a nan ya isa ya sa sabon disk rawa. Sannan sabon plaketi ba a danna masa da ƙarfi sai an yi kamar kilomita 200 a hankali, ya zauna.

Direban Tanut: Usta, kullum ku makanikai ba ku laifi, sai tsatsa.

Usta na Zango: Ku kuma direbobi ku ɗora buhu arba'in kan motar mutum goma sha tara, ku ce birki ne bai da kyau.

Shugaban zaure: To jama'a, ya isa haka. Abin da na fahimta, mafi yawanmu sun yarda kayan kas su ne abin dogaro ga tsohuwar mota, ni ma shekara da shekaru su nake sa wa tawa. Usta ma ya tabbatar ba a duba ƙasar da disk ya fito. Alhaji ya yi haƙuri, mai garejin ƙila gata ya yi masa.

Ɗan Kasuwar Dole: Su wa ne mafi yawan? Ku biyu?

Mai 207: Ranka ya daɗe, kuɗin sabo biyu na biya, ɗaya aka sa mini. Usta, in na turo ta gobe bayan azahar, za ka auna mini na hagun?