Canza makunnin sigina a tsohuwar a-kori-kura

Mai tambaya, daga Garwa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 wadda na gada daga mahaifina, da ita nake jigilar masara da gyaɗa. Mako biyu ke nan siginar hagu ba ta kamawa sai na danne sandar da yatsa, da na saki kuma ta mutu. Ranar Lahadi, ina dawowa daga kasuwar Pitowa, saura ƙiris wani mai babur ya afka mini, domin na karya hagu ba tare da fitilar ta nuna ba. An ce in canza makunnin, wanda makanikai ke kira komodo, amma ina so in ji daga waɗanda suka taɓa yi.

Mai gyaran wayar mota, daga Marwa:

Wa alaikumus salam, Malam. Yadda ka kwatanta, laifin makunnin ne, tun da fitilar tana kamawa idan ka danna. Ga sauran masu karatu kuwa, ba kowace matsalar sigina ce ta komodo ba. Idan ɓangarorin biyu suka mutu gaba ɗaya, a fara duba fis da ɗan akwatin da ke yin ƙyas-ƙyas a ƙarƙashin allon gaban direba. Idan gefe ɗaya ne ya canza yadda yake ƙiftawa, galibi ƙwan fitila ne ya ƙone, kuma ƙwan sigina mai wat 21 ne. Idan kuwa fitilar birki tana ƙiftawa tare da sigina, to wayar da ke haɗe da jikin mota ce ta yi tsatsa.

Kafin ka sayi sabo, ka buɗe tsohon. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da tsohon giris ta daskare a kan 'yan tagullan ciki, sai wuta ta kasa ratsawa. Na sha goge su da sanfefa mai laushi, in ɗan miƙe sifirin, mota ta koma aiki. Ka shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka buɗe, domin akwai sifirin ƙarami da kan yi tsalle, idan ya faɗa cikin yashi kuwa ba ka ƙara ganinsa. Kuma ka fara cire kan batir.

Direba, daga Kuseri:

Ni tsohuwar Hilux ce tawa, kuma sai da na cire sitiyari kafin in kai ga makunnin. Kuskurena shi ne na kwance noti gaba ɗaya sannan na ja da ƙarfi, sitiyarin ya fizgo ya fasa mini leɓe. Daga baya wani dattijo ya nuna mini cewa ana barin notin a bakin zaren, domin ya tare sitiyarin idan ya saki. Ban kuma yi alama da alli ba kafin in cire, sai na mayar da shi a karkace, siginar ta daina komawa da kanta bayan kwana. Dole na sake kwance aikin.

Tsohon direba, daga Njamena:

Ɗana, motarka ba baƙuwa ba ce a wurina, na tuƙa Peugeot 404 kafin 504 ta shigo hannuna. Ita 504 an fito da ita a Faransa a 1968, kamfanin Peugeot na Kaduna kuma ya fara haɗa motoci a 1975, shi ya sa kayanta na hannu suka fi samuwa ta wajen Najeriya. Da yake Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, sitiyarinsu a hagu yake kamar namu. Sai dai makunnan ba iri ɗaya ba ne a kowace shekara, saboda haka ka tafi da tsohon a hannunka, ka ƙirga bakunan waya, ka gwada ramukan kusoshi. Na taɓa sayen sabo mai arha a kwali, robarsa ta tsage kafin damina ta fita. Tun daga ranar na fi yarda da na asali da aka ciro daga wata motar, ko da ya sha jiki.

Mai tambaya:

Na gode, Baba, na gode 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Na buɗe makunnin jiya da safe a kan farin ƙyalle, bayan na ɗauki hoton wayoyin na kuma ɗaura wa kowace takarda mai lamba. Tagullar hagu ta ci har ta yi rami, gogewa ba ta wadatar ba. Na samu na hannu a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, bakunansa suka yi daidai da nawa, na ɗaura shi kafin la'asar. Ɗana ya tsaya a bayan motar yana faɗa mini hagu da dama, dukansu suna ƙiftawa, sandar kuma tana komawa da kanta idan na miƙe sitiyari.