Neman kalma: me za mu kira "just transition" da Hausa?

'Yan uwa masu fassara da ma'aikatan gidajen rediyo a nan Kaduna, ina roƙon mu tsayar da suna guda ga abin da ake kira "just transition" da Turanci, domin kowace kafa tana fassara shi yadda ta ga dama, har mai sauraro ba ya gane cewa magana ɗaya ake yi masa.

Maganar ta samo asali ne daga ƙungiyoyin ƙwadago na Amurka, inda ma'aikatan masana'antun mai da sinadarai suka nemi kada a rufe wuraren aikinsu da sunan kare muhalli a sallame su hannu Rabbana. Daga baya ta shiga gabatarwar Yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi, ma'anarta kuma ta faɗaɗa har ta haɗa da talakan da zai sayi wuta da abin girki yayin da duniya ke barin kwal da fetur. Duk wanda ya ga halin da Kakuri ta shiga bayan rufe masaƙu ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan fargaba. Mu ma abin ya shafe mu, tunda a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Glasgow a 2021 Najeriya ta yi alkawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take kawarwa ba.

"Canji" ba zai yi ba, saboda tun zaɓen 2015 kalmar ta ɗauki launin jam'iyya. "Juyi" yana tuna wa mutum juyin mulki, abin da ake yi dare ɗaya da ƙarfi. "Sauyi" ya fi dacewa, muddin an haɗa shi da "makamashi" don kada a rikita shi da sauyin yanayi.

Inda nake so mu tsaya da kyau shi ne tsakanin "daidaito" da "adalci", domin na ga wasu suna rubuta na farkon. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗi ɗaya kowa ya riƙa biya a gidan mai, kuma wannan daidaito ne. Amma mai injin markaɗe a Rigasa da direban Keke Napep ba su ɗauki nauyi ɗaya da wanda ya riga ya shimfiɗa sola a rufin gidansa ba. Haka aka sake gani a Afrilun 2024, lokacin da kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, ya tashi daga naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit: layin wuta ne ke tantance rukuni, ba samun mutum ba, don haka tela da attajirin da ke layi ɗaya farashinsu ɗaya. Matar da tsadar gas ta mayar kan gawayi, tana shaƙar hayaƙi ita da 'ya'yanta, an yi mata daidai da kowa, amma ba a yi mata adalci ba.

Saboda haka shawarata ita ce "adalcin sauyin makamashi". Na sa adalci a gaba ne da gangan, domin ya zama haƙƙin da ake iya nema, ba sifar da ake liƙa wa shiri ba. A labarai sai a ce: "Ƙungiyoyin ƙwadago sun nemi a tabbatar da adalcin sauyin makamashi kafin a ƙara kuɗin wuta."

Ga ɓangaren farashi kuwa, "araha" ba ta isa ba, domin abu yana iya yin araha ya kuma fi ƙarfin mai ƙaramin samu. Na fi son "makamashi daidai ƙarfin talaka".

Wanda yake da abin da ya fi waɗannan gajarta, musamman malamanmu na sashen Hausa a Zariya, ya kawo shi cikin cikakkiyar jimla irin ta labarai, mu ji yadda zai zauna a bakin mai karantawa.