Kurmi mai shekara ɗaruruwa, amma itatuwan kamar na jiya?

Hadiza_M:
Assalamu alaikum. Ina karatu a Ingila, kuma a watan Fabrairu aka kai mu wani kurmi mai suna Bradfield a yankin Suffolk. An ce tun 1252 ake sarar itace a wurin, ba a daina ba. Abin da na gani ya ɗaure mini kai. Yawancin itatuwan ba su fi kaurin cinya ba, suna fitowa da yawa daga gindi ɗaya. Wani ɓangaren ma an sare shi ƙarƙaf, sai manyan bishiyoyi jefi-jefi. To ina tsufan yake? Kuma ta yaya sara zai zama kiyaye daji?

Malam Garba:
Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi aikin gandun daji har na yi ritaya, kuma wannan batu yana raina ƙwarai. Tsufan yana ƙasa, a kututturen da kika yi ta tsallakewa. Sandunan da kika gani yara ne, saiwarsu ce tsohuwa.

Idan aka sare bishiya irin su ash ko hezel, wato itatuwan da ke kurmin can, dab da ƙasa cikin hunturu, ba ta mutuwa, sai ta yi toho ta gefen kututturen. A bar tohon ya girma, a dawo a sare, ya sake fitowa. Duk zagaye kututturen yana ƙara faɗi ta waje, tsakiyarsa tana ruɓewa, har ya zama da'ira kamar bakin tsohuwar rijiya, mutum ya tsaya a ciki. Tunda tsakiyar ta ruɓe, babu zoben shekaru da za a ƙirga, da faɗin da'irar ake ƙiyasi. A Bradfield ɗin nan akwai kututturan ash da ake ƙiyasin sun kai shekara 1,000, alhali ash da aka bari ta tashi gaba ɗaya ba kasafai take wuce 400 ba. Nauyin kanta da ruɓar jiki ke kayar da ita. Wadda ake sara kuwa kullum jikinta sabo ne.

Manyan da kika gani jefi-jefi galibi bishiyar oak ce, da gangan ake barinsu su shekara 100 ko fiye domin katakon gini. Sandunan tohon su ne na gawayi, girki, shinge da ƙotar kayan aiki. Hezel akan sare shi duk shekara 7 zuwa 10, gaurayen itatuwa kan kai 20 zuwa 25. Kuma ba a sare kurmi duka lokaci guda, yanki-yanki ake bi.

Nan amfanin yake. A shekara ta biyu da ta uku bayan sara, rana tana isa ƙasa, furannin da irinsu ya daɗe yana jira sai su tashi. Bayan 'yan shekaru wurin ya cushe, tsuntsaye masu son sarƙaƙiya su yi sheƙa, ƙananan ɓerayen kan itace su sami abinci. Daga nan inuwa ta rufe, amma kafin nan an buɗe wani yanki a kusa. A kurmin Blean na Kent akwai wani malam-buɗe-littafi da rayuwarsa ta dogara da wannan, yana bin masu sara daga fili zuwa fili. Da aka yi watsi da sana'ar a ƙarni na 20, dazuzzuka da yawa suka yi duhu, shi kuma ya kusa ƙarewa a Ingila.

Ɗan Maraɗi:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Wannan ai kusan sassaben zamani ne na wajenmu. Tun wajen 1983 manoma suka fara barin kututturan sabara da kalgo da geza a gona su yi toho, maimakon ƙone su. Sai dai mu ba ma sarewa duka. Muna zaɓen toho biyu zuwa biyar masu ƙarfi mu bari, mu cire sauran. Babbar matsalarmu awaki ne da rani.

Hadiza_M:
Na gode, Baba. Shi ya sa na ga an kewaye wuraren da aka sare? Kuma kowace bishiya ce ke jure haka?

Malam Garba:
Shi ne dalili. Abin da awaki ke yi wa Ɗan Maraɗi, barewa ke yi musu a can. In ta cinye toho shekara bayan shekara, kututture mai shekara ɗaruruwa sai ya mutu. Ba kowace bishiya ke jurewa ba, yawancin dangin fayin (pine, mai ganye kamar allura) in ka sare sun tafi ke nan. Kututturen da aka daɗe ba a sara ba ma sai da lura, don yakan kasa tashi. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne cutar bushewar ash da aka tabbatar a Birtaniya a 2012, domin ta fi saurin kama ɗanyen toho. In kin koma a watan Afrilu, ki nemi yankin da aka sare shekara biyu baya, ki duba ƙasan, ki kuma duba kan sandunan ash ko sun fara bushewa.